Ginshiƙi na Huɗu

Kaltuma ce ta biya kuɗin shiga,
takarda biyu, aka yage musu kunne.
Na sunkuya zan cire takalmi a bakin ƙofa,
ta ce, Baba, nan ba a cirewa.

Shekara goma sha tara rabona da wurin nan.
A lokacin ba rufi, ba gilashi,
sai rodi a tsaye kamar karan dawa bayan girbi,
da ni, da kwanon kankare bisa gammo,
ina hawa ina sauka
har ladanin Kasuwar Gero ya kira azahar
na wanke siminti kafin na wanke fuska.

An ce wanda ya tsara ginin ba ya son kusurwa.
Ba mu taɓa ganinsa ba, takardarsa muka gani.
Muka jiƙa katako da ruwan Shari
muka tanƙwara shi yana kuka.
Jimadum ya ja da baya, ya karkata kai,
ya ce, wannan kwale-kwale ne aka kife,
ku gaya mini inda za a sa kifi.

Yau ga ni cikin kwale-kwalen.
Sanyi na fitowa daga inda na bar rami,
ashe don shi aka ce in bari.
Haske na zubowa ta tsagar sama
ya kwanta a ƙasa, ba wanda ya taka.
Mutane na magana ƙasa-ƙasa
kamar an zo duba mara lafiya.

Wani zane ya fi ƙofar gidana faɗi,
shuɗi ne zalla, sai jan layi guda
da ya taso bai kai ƙarshe ba.
Kaltuma ta karanta ɗan rubutun gefe,
ta ce sunansa Ƙetare.
Na ce fenti ne ya ƙare wa bawan Allah.
Ta yi dariya, ta toshe baki.
Amma da muka wuce sai na waiga,
don na taɓa tsayawa a gadar Kusuri da magariba
na ga ruwa ya yi haka.

Can ciki, kawunan yumɓu na mutanen da,
leɓe a kumbure, ido kamar wake,
kowanne a ɗakinsa na gilashi.
Ban kalli fuskokin ba sosai.
Bayan kunnen wani na leƙa,
na ga inda babban yatsa ya danna
tun laka tana ɗanya.
Ba suna a ƙasa. An rubuta: ba a san mai yi ba.
Na ce, sannu da aiki.

Sai ginshiƙi na huɗu daga matakala.
Nan Jimadum ya zamo daga sama ranar wata Laraba,
ya tashi da ƙafa ɗaya gajeriya,
ya koma Mundu, ban sake jin labarinsa ba.
Nan kuma cokalin yaɓena ya kuskure,
ya bar ɗan tudu kamar ƙwayar dabino,
shugaban aiki bai gani ba, ni ma na yi shiru.
Na kai hannu. Yana nan.

Wani yaro mai kaki ya taho da sauri,
takalminsa na ƙara a daɓen:
Tsoho, ba a taɓawa.
Kaltuma ta buɗe baki, na riƙe mata hannu.
Gaskiyarsa, aikinsa yake.
Na ce, yi haƙuri, ɗana, bangon ne ya yi kyau.
Ya ce, ai daga waje aka kawo masu yi.

Da muka fito rana ta mare mu.
Masu babur suka taso kamar ƙuda.
Ta ce, me ya fi burge ka?
Na ce, sanyin.
Hadari na haɗuwa ta gabas,
bangon ɗakinmu kuwa ya tsage tun bara,
ga buhun siminti ya sake tashi.
Na sa yatsan a aljihu, na ce mu taka da ƙafa.